Lumen 9000 a jikin kwali amma hoto a kwance: yadda ake haɗa hasken majigi da girman allo

Duk mai shirin sayen majigi ya saka a falo, abu na farko da ya kamata ya cire a ransa shi ne wai akwai majigi mai haske da marar haske haka kawai shi kaɗai. Na'urar da zata sa idonka hawaye a allon inci 80 cikin ɗaki mai duhu, ita ɗin dai zaka ɗauka ka kai gidan kallon ball da rana tsaka ka buɗe ta inci 150, ko lambar rigar ɗan wasa ba zaka iya karantawa ba. Abin da idonka yake gani haɗin gwiwar abu huɗu ne, hasken da na'urar take fitarwa, faɗin wurin da hasken ya bazu, irin allon da ya sauka a kai, da kuma hasken da yake cikin ɗakin tun kafin ka kunna. Mutanenmu na farkon kaɗai suke tambaya a shago, shi ɗin ma kuma shi ne aka fi yi musu ƙarya a kai.

Hasken majigi da lumen ake auna shi, amma lumen ɗin da ake iya dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa. ANSI ɗin hukumar tsara ma'auni ce ta Amurka, kuma yadda ake awon ba wani sirri bane. Ana haska farin hoto zalla, a raba shi gida 9, a auna hasken da ya sauka a tsakiyar kowane gida, a fitar da matsakaici, sai a ninka da girman fuskar hoton gaba ɗaya, wato tsayi sau faɗi. Kaga ke nan hasken da ya fito ya isa allo ake ƙirgawa, har da na gefe-gefe da yawanci ya fi na tsakiya rauni. Akwai kuma na ISO, hukumar tsara ma'auni ta duniya, shi ma kusan tafiyarsu ɗaya da ANSI, in ka gan shi ba laifi.

Matsalar tana wajen ƙananan majigin nan masu arha da suka cika intanet da shagunan kayan wuta, a Kaduna daga Kasuwar Gumi har Ahmadu Bello Way duk zaka gansu a jere. Kwali yace 9000, wani 12000, wani ma ba lumen ya rubuta ba sai lux, wanda ma'aunin hasken da ya sauka a kan wuri ne, wani kuma lumen na LED. Yawanci hasken ƙwan da ke ciki suka auna kafin ya ratsa gilasai da madubai ya zube a hanya, wasu kam lambar da tayi musu daɗi kawai suka buga. Abin har kotu ya kai, kamfanin Epson ya maka wasu masu sayar da irin waɗannan a Amazon ƙara a Amurka saboda ƙaryar haske. Mai shago kuwa ba lallai yana cutarka da gangan bane, zai ce maka "Alhaji wannan ai 9000 ne, ko da rana tas yake nunawa", shi ma abin da ya karanta a kwali ke nan. Kai dai juya na'urar ka duba wutar da take ja. Majigi mai ƙwai na gaske da yake bada lumen 3000 yana cin wuta wajen wat 300, yana zafi, fankarsa tana gurnani. To wanda adaftarsa wat 50 ko 60 ce, ta ina zai samo 9000? Da ƙyar ya wuce 'yan ɗaruruwa.

Yanzu girman allo, nan ne lissafin yake ruɗar mutane. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ne, amma haske a kan faɗin fuskar allon gaba ɗaya yake bazuwa. Allon inci 100 na fasalin 16:9, irin na talabijin ɗin yanzu, faɗinsa wajen inci 87, tsayinsa 49, wato murabba'in ƙafa 30 in ka cike. Inci 120 murabba'in ƙafa 43 ne, inci 150 kuwa 67, inci 200 ya kai 119. Lura da kyau, daga 100 zuwa 120 a baki ƙarin 20 ne kawai, amma fuskar allon ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Daga 100 zuwa 150 ta ninka biyu har da ɗoriya, zuwa 200 kuma ninki huɗu cif. Miya ce kwano ɗaya kake ta ƙara malmalar tuwo, dole a ƙarshe wani ya ci gaya. Shi yasa wanda ya ja majiginsa baya don hoto ya cika bango yake ganin kamar na'urar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Lissafin kansa layi ɗaya ne. Ka ɗauki lumen, ka ninka da geyin ɗin allo, wato lambar da ke nuna yawan hasken da allon yake dawo maka da shi, ka raba da murabba'in ƙafar allon, abin da ya fito shi ne hasken da ke dawowa idonka, ana ce masa fut-lambat. In kana so ka kwatanta da talabijin sai ka ninka da 3.4 ka samu nit, ma'aunin da ake rubutawa a talabijin da wayoyi. Misali lumen 1000 a allon inci 100 mai geyin 1.0 zai baka fut-lambat 33 da ɗan wani abu, wajen nit 115. Ma'aunin gidajen sinima na dijital fut-lambat 14 ne, nit 48, a zamanin fim na zare kuma 16 ake sa ma'auni. Ƙanƙani ko? Amma ka tuna sinima duhu ne ƙirin, bango baƙi, ba taga, ba wanda zai buɗe ƙofar kicin haske ya faɗo. Ko ɗakunan Dolby Cinema da ake ji da su nit 108 suke, wajen fut-lambat 31.

To a gida nawa ake nema? In ɗaki ne da ka keɓe, da daddare kake kallo, an kashe fitila, ni a ganina daga 16 zuwa 25 ya wadatar, in kana son finafinan HDR, masu tazarar haske da duhu mai yawa, su ɗan nuna kansu ka nemi 30. Falo da ake barin ƙaramar fitila ɗaya a gefe don yara su ga abinci, ka nemi 30 zuwa 40. Falo da rana da labule a sake amma haske yana ɗan shigowa, 50 zuwa sama, kuma ko a hakan sai ka yi haƙuri da wasu abubuwa, zan zo kansu.

Sai dai lumen ɗin da zaka saka cikin lissafin ba wanda ke kwali bane, ko da na ANSI ne na gaskiya. Ana samun waccan lambar ne a saitin da ya fi kowanne haske, wanda a menu zaka ga an rubuta Dynamic ko Bright, ƙwai sabo dal, wuta a ƙure. Wannan saitin kuwa yawanci kore-kore yake, fuskar mutum ta koma wani iri, filin ball kamar an zuba masa shuni. Da ka koma Cinema don kala ta zauna daidai, haske ya sauka sosai, a wasu na'urorin har rabi. Ka saka Eco don fanka tayi shiru ƙwai ya daɗe inbata ta huta, ya sake sauka. Sannan ƙwan yana tsufa, awannin da kamfani yake rubutawa a matsayin rayuwar ƙwai ma'anarsu lokacin da haskensa zai koma rabi ne, kuma ba a ranar ƙarshe yake faɗuwa ba, tun a ɗaruruwan awannin farko zaka fara ganin sauƙi. Masu leza da LED sun fi riƙe haske, da yawansu awa 20000 ake rubuta musu, amma su ma suna sauka a hankali.

Ni ga yadda nake ƙiyasi in ana maganar mai ƙwai. A ce kwali yace ANSI 3000. Cinema ta bar maka kashi 60, saura 1800. Eco ta bar kashi 70 na wannan, saura 1260. Ƙwai ya ɗan sha aiki ya zubar da kwata, saura wajen 950. Wannan 950 ɗin shi ne majiginka na yau da gobe. A inci 100 zai baka 32, lafiya lau har da ƙaramar fitila. A inci 120 zai baka 22, da daddare zam-zam. A inci 150 ya sauko 14, daidai ƙofar sinima, dole duhu sosai. A inci 200 kuwa 8, nan kam hoto ya kwanta. Na'ura ɗaya ce fa duk wannan. Kason da na cire ba doka bane, kowane majigi da nasa hali, amma wanda ya raba lambar kwali biyu ko uku kafin ya fara lissafi ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Kuma ana iya juya lissafin ta baya, wanda shi ne ma ya fi amfani kafin ka fitar da kuɗi. Ka fara da bangonka. Ka ce inci 120 nake so, falo ne da ɗan haske don haka 40 nake nema, sai ka ninka 40 da 43 ka samu wajen 1700, lumen na zahiri ke nan da dole ya isa allo a saitin da zaka riƙa kallo. Daga nan kasan ƙaramin majigi ba naka bane, ko mai 3000 ɗin ma sai ka cire shi daga Eco, kuma sai ƙwai yana sabo zai kai.

Ƙananan nan da na soka ɗazu ba wai shara bane gaba ɗaya, a yi musu adalci. A ce na gaskiyar lumen 200 ne. A inci 100 fut-lambat 7 ma bai cika ba, a 120 ƙasa da 5. Amma ka matso da shi ka tsaya a inci 60, murabba'in ƙafa 11 ba kaɗan, sai ka samu wajen 18, a ɗakin kwana da daddare yara su kalli katun ɗinsu cikin jin daɗi. Tambayar kawai ita ce in inci 60 zaka tsaya me yasa ba talabijin ba.

Akwai wani zance da ake yawan yi wai nisa ne yake cinye haske. Nisan da ke tsakanin majigi da bango a cikin falo baya cin komai, girman hoton ne yake ci. Majigi mai jifa kusa, wanda ke fitar da babban hoto daga kusa da bango, da mai jifa nesa in lumen ɗinsu ɗaya kuma hoton inci 100 suka fitar, haskensu ɗaya. Inda nisa yake shigowa shi ne zum. In ka kai na'urar can ƙarshen ɗaki ka matse zum don hoton ya dawo daidai allo, lensin yana rage hasken da ke wucewa, a masu dogon zum asarar ba kaɗan bace. Don haka in kana ƙarancin haske, cikin tazarar da na'urar ta yarda ka ajiye ta ta ɓangaren kusa. Haka wanda ya ajiye majigi a karkace kan kabad ya gyara hoton da rimot, matse hoton akeyi a cikin wani yanki na na'urar, sauran hasken an yar, in ka duba da kyau cikin duhu zaka ga inuwar fili mai ɗan haske a kewayen hoton.

Mu zo kan geyin, wanda shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Allo ba shi da wuta, baya ƙirƙirar haske ko ɗigo. Geyin 1.0 na nufin farin allo marar sheƙi da yake watsa hasken da ya samu ko'ina daidai wa daida, na tsakiya da na gefe duk abu ɗaya suke gani. Allon 1.3 kuma yana tattaro hasken da da zai tafi gefe ya turo shi gaba, sai wanda ke zaune saitin tsakiya ya ga ƙarin kashi 30. A lissafinmu na ɗazu inci 150 ɗin nan mai 14 zai koma 18 da rabi. A takarda abin sha'awa. Amma ƙarin nan daga bakin wani aka ƙwato shi, wanda ke zaune gefe. Shi yasa allunan kirki suke rubuta kusurwar da haske yake komawa rabi, in ka ga geyin mai yawa babu wannan lambar to an ɓoye maka rabin labari.

Ka kuma duba yadda muke zama a falo. Kujerunmu ba layi ake jera su suna fuskantar bango ba, zagaye ake yi da su jikin bango, mai zaman mutum uku nan, mai biyu can gefe, maigida a tasa, yara a kan kafet dab da allo suna ɗaga kai, Hajiya ta leƙo daga ƙofar kicin. A irin wannan zaman allo mai geyin 1.8 ko 2 mutum biyu kawai zai yi wa aiki. Ga kuma tabon haske, tsakiyar hoton yayi fau kusurwoyi suyi duhu, in ka matsa tabon ya biyo ka, kuma abin ya fi muni in majigin mai jifa kusa ne. A filin ball zaka fi ganinsa don koren fili ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Ni dai shawarata ga falo na iyali, 1.0 zuwa 1.1, in an matsa 1.3. Wanda ya wuce haka sai ɗaki dogo siriri da kowa ke zaune saiti.

Masu haskawa a bango kai tsaye su ma suna da geyin ko basu sani ba. Bango mai farin fentin ruwa marar sheƙi yana kusa da 1.0, in an yi masa sumul yana aiki fiye da yadda ake zato. Fentin mai ko mai santsi shi ne matsala, zaka ga ƙwan majigin kansa yana ƙyalli a tsakiyar hoto. Bango ruwan madara ko ruwan ƙasa da muke so a gidajenmu yana cin haske kuma yana rina komai, farar riga ta koma ruwan ƙwai. Zanin gado da farin yadi kuwa haske ratsa su yake ya wuce baya, je ka leƙa bayan yadin zaka ga fim ɗin yana tafiya a can ma, wannan duk hasken da ka biya ne baya dawowa idonka. In yadi zaka yi amfani da shi nemi mai kauri irin na labulen da baya barin rana ta wuce, a ɗaure shi tamau a firam.

Yanzu babban lamarin, wanda ya fi lumen da geyin duka. Majigi baya iya haska baƙi. Baƙin da kake gani a fim shi ne allonka a yadda yake in ba a haska wurin ba. Kashe majigin ka kalli allon, yadda ka gan shi ɗin nan shi ne iyakar baƙin da zaka samu. In ɗakin da haske, allon fari ne tas, to baƙinka fari ne. Bari mu saka lamba. A ce hasken taga da fitila da ke sauka kan allon lux 50 ne, ba wani haske mai yawa bane wannan, a allon 1.0 zai dawo maka da wajen fut-lambat 4.6. Majiginka yana bada 32. Tazarar fari da baƙi ta koma wajen 8 bisa 1, duk da a kwali an rubuta maka dubu ɗari ko miliyan bisa 1. Ka fusata ka sayo mai ninkin haske, 64, tazarar ta koma 15 bisa 1. Amma ka bar tsohon majiginka ka sa labule mai kauri ka kashe ƙwan silin, hasken kan allo ya sauko lux 5, sai tazarar ta haura wajen 70 bisa 1. Kuɗin labule da telan da zai ɗinka, ka kwatanta da kuɗin sabon majigi da dala a yadda take.

Ko ka rufe tagogin akwai sauran aiki, don falukan yanzu a Malali ne ko Barnawa ko sabbin gidajen Millennium City duk salo ɗaya ne, farin POP a sama, tayil mai sheƙi a ƙasa, bango mai haske. Hasken da ya fito daga allon yana dukan silin da tayil ya dawo kan allon ya wanke wuraren duhu. Zaka gane haka in aka nuno wuri mai hasken rana a fim, ɗakin gaba ɗaya ya haskaka har kana ganin fuskar na kusa da kai. Ba sai ka yi wa falon Hajiya baƙin fenti ba, ba ma zata yarda ba. Kafet mai duhu a gaban allon, labule mai duhu a bangon da allon yake, kar kuma ka manna hoton dab da silin, waɗannan kaɗai suna kawo bambancin da ido ke gani.

Allo mai ruwan toka, irin mai geyin 0.8, ana sayar da shi a matsayin maganin haske amma aikinsa yana da iyaka. Yana rage hasken taga, yana kuma rage na majigin daidai gwargwado, don haka baƙi ya ɗan zauna, fari ma ya sauka. Inda yake taimakawa da gaske shi ne wancan hasken da ke yawo tsakanin allo da farin silin, kuma sai majiginka yana da rarar haske, ka saka 0.8 ɗin a lissafi ka gani ko zai ɗauka. Wanda yake ture hasken ɗaki na gaske shi ne wanda ake rubuta wa ALR, shi yana zaɓar ta inda haske ya fito, ya karɓi na ɓangaren majigi ya kauda na sama ko na gefe. Tsada gare shi, kuma in tagar tana bayan majigin ne ba abin da zai yi maka don haske biyun hanya ɗaya suka biyo. Sannan kowane iri da majiginsa. Wanda aka yi wa majigin leza da ake ajiyewa a ƙasan allo dab da bango yana karɓar haske daga ƙasa ne kawai, geyin ɗinsa sau da yawa wajen 0.6 yake, in ka haɗa shi da majigin da aka rataye a silin zai ɗauki hotonka a matsayin fitilar ɗaki ya yar. Ƙyallen nan mai ruwan azurfa mai arha da ake naɗowa a leda kuwa, a tsakiya yana burgewa, taka uku gefe ka gani.

Masu gidan kallo a Tudun Wada, Rigasa, Kawo da sauransu nasu lissafin daban ne, don su basu da zaɓin lokaci. Wasan Champions League ƙarfe 8 ko 9 na dare ba matsala. Amma Firimiya ranar Asabar akwai na 12:30 ko 1:30 na rana, akwai na 3 ko 4, rana tana dukan kwano, haske yana shigowa ta ƙofa duk sanda wani ya ɗaga labule da ta ramukan da aka bari don iska. Ga benci a shimfiɗe daga bango zuwa bango, don haka geyin mai yawa ya fita daga lissafi. Inci 150 a fut-lambat 50 yana buƙatar lumen na zahiri wajen 3300, wato na'urar da aka rubuta wa 5000 ko fiye. In ba ka da ita, rage allon zuwa 120 sai buƙatar ta sauko 2100 da ɗan kai. Sauƙin da suke da shi ɗaya ne, ball hoto ne mai haske, ba ruwansa da baƙi mai zurfi, don haka zasu iya barin saitin mai haske sosai su rage koren da hannu.

Na hannu da ake kawowa daga ofisoshi da makarantun Turai suna da haske na gaske kuma da yawansu sun fi sabbin ƙananan nan nesa ba kusa ba, amma a duba abu biyu. Da yawa fasalin 4:3 ne, in ka saka musu fim ko ball na 16:9 kashi 75 na fuskar na'urar kawai ke aiki, don haka mai 3000 ya zama 2250 tun kafin ka cire komai. Na 16:10 kashi 90 yake bari. Na biyu kuma fasahar haɗa hoto ce a cikin na'urar, DLP ko 3LCD, wasu masu DLP na ofis an yi su ne don farin shafi da rubutu, farinsu yana da ƙarfi amma ja da kore da shuɗi sun fi rauni, su kuwa masu 3LCD hasken kalarsu da na farinsu ɗaya ne. Kar a gwada maka da farin menu, a saka ball ko fim. Awannin ƙwai ma ka duba a menu amma kar ka rantse da su, ana iya mayar da su sifili da rimot.

Sai ƙurarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, filtar majigi cikin ɗan lokaci take toshewa, ka zaro ta ka ga ta koma ja kamar ba soso ba, na'ura tayi zafi, ƙurar da ta samu shiga ta kwanta kan gilasan ciki ta rage haske. A goge lensi da ƙyallen gilashin ido mai laushi, a kakkaɓe filta, a rufe na'urar in ta huce. Mai ƙwai kuma yana son fankarsa ta gama hura shi bayan an kashe, ɗauke wuta bagatatan yana rage masa kwana, in da hali a jona shi a inbata ko ƙaramin UPS.

Haske yana iya yin yawa kuma, ba kasafai ake faɗa ba. Mai 3000 a ƙure a allon inci 80, murabba'in ƙafa 19, ya haura fut-lambat 150, sama da nit 500 a ɗaki mai duhu, ido zai gaji baƙi kuma ya koma toka. Wannan dai gyaransa a rimot yake, Eco da Cinema. Kuma in falonka da rana ake kallo, tagogi a buɗe saboda zafin Maris da Afrilu, girman da kake so bai wuce inci 75 ko 85 ba, gaskiya talabijin ce maganinka.

In kana so ka gwada na'ura kafin ka biya, saukar da manhajar auna lux a wayarka. A buɗe farin hoto zalla a girman da ka sani, a ce inci 100 wanda fuskarsa murabba'in mita 2.76 ce, ka jingina wayar da bango tana kallon majigin, ka ɗauki lamba a tsakiya da kusurwoyi, ka cire abin da wayar ta nuna lokacin da majigin yake rufe, ka fitar da matsakaici ka ninka da 2.76. In matsakaicin 350 ne to lumen wajen 970 ke isowa bango. Awon waya ba na ɗakin gwaji bane, yana iya kaucewa, amma in majigi biyu ka auna da waya ɗaya a wuri ɗaya zai nuna maka wanda ya fi, kuma ka sa mai shagon ya saka saitin da zaka riƙa kallo da shi a gida kafin ka auna.